Katako, Shayi da Kawa: Yadda Za Ka Zagaya Yankin Chiayi a Taiwan

Yawancin baƙin da ke zuwa Chiayi abu ɗaya ke kawo su, wato fitowar rana a kan dutsen Alishan. Su hau bas da yamma, su kwana, a tashe su tun kafin asuba, su ɗauki hoto, kafin azahar sun juya. Ni ina ganin wannan asarar kuɗin jirgi ce. Yankin nan na kudu maso yammacin Taiwan ya miƙe ne tun daga bakin teku inda ake kiwon kawa, wato halittar teku mai bawo biyu da ake cin namanta, har zuwa duwatsun da suka haura mita 2,000, kuma garin Chiayi da ke tsakiya katakon da aka sauko da shi daga dutsen ne ya bunƙasa shi. Wanda bai taka wuraren nan uku ba, gefe ɗaya kawai ya gani. Ka ware kwana biyar, shida in da hali. Sunayen wurare na bar su yadda za ka gan su a allunan tasha, don kada ka sha wahalar nema.

Kafin ka bar gida

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin kasuwancin Taipei da ke bayar da ita yana Legas, don an ɗauke shi daga Abuja tun 2018. Ka fara nema da wuri, da takardar otal da tikitin dawowa a hannu. Babu jirgi kai tsaye. Ana sauya jirgi a Dubai ko Istanbul, a sauka filin jirgin Taoyuan kusa da Taipei. Agogonsu yana gaban namu da awa 7.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai tun yanzu: kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka. Na san al'adarmu ce mu yi guzuri, musamman zuwa ƙasar da ake shakkar namanta, amma Taiwan ta hana shigo da nama kowane iri, suna da karnuka masu sunsuna kaya, kuma tarar tana da nauyi ƙwarai. Dabino da garin kunu da busasshen yaji sun fi kwanciyar hankali, su ma ka nuna su in an tambaya.

Sai zaɓen lokaci. Daga Yuli zuwa Satumba lokacin guguwar teku ne da suke kira taifun, tana iya rufe hanyar dutse ta kwanaki. Mayu da Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu furanni ke buɗewa a Alishan, jama'a su cika ko'ina, ɗakin kwana ya yi tsada. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: sararin sama ya washe, ana tsinkar shayin hunturu, tsuntsayen ƙaura sun iso bakin teku. In kuma kawa ce ta fi ja maka rai, ta fi ƙiba a watannin zafi, sai dai ka yi kasadar guguwa. Ko yaushe ka zo, ka taho da rigar sanyi mai kauri. A ƙasa ana gumi, a kan dutse da asuba sanyin ya fi na tsakiyar hunturun Jos cizo, ga laima a cikinsa.

Kwana na farko: garin katako

Daga Taoyuan jirgin ƙasa mai gudun tsiya zai kai ka tashar Chiayi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ka lura, wannan tasha a Taibao take, wajen gari. Sai ka ƙara hawa bas zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke tsakiyar Chiayi, kuma a kusa da ita ya kamata ka kama masauki. Ka sayi katin EasyCard a kowane ƙaramin kanti, da shi ake biyan bas.

Kada ka wuce garin nan da gaggawa. Japan ta mulki Taiwan daga 1895 zuwa 1945, kuma tun farkon mulkin ma'aikatanta suka gano dajin Alishan cike da itacen hinoki da ɗan'uwansa mai jan ciki, wasu sun shekara fiye da dubu a tsaye. Itace ne mai ƙamshi, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri, shi ya sa aka yi ta jigilarsa zuwa Japan ana gina wuraren bauta. Babbar ƙofar wurin bautar Meiji a Tokyo da katakon Taiwan aka yi ta. Don sauko da waɗannan gumagumai aka shimfiɗa layin dogo, aka buɗe shi a 1912, aka kafa babbar masana'antar yanka katako a Chiayi a 1914.

Duk wannan za ka taka shi da ƙafa a rabin yini. Ka fara da tashar Beimen, ƙaramin gini na katako inda asalin layin ya faro. Kusa da ita akwai garejin jiragen, inda aka jera tsofaffin kawunan jirgi masu tururi samfurin Shay da aka ƙera a Amurka. Ka tsaya ka dube su da kyau: tukunyar ba a tsakiya take ba, an karkatar da ita gefe, injinan suna tsaye a ɗaya gefen, haƙoran ƙarfe ne ke juya ƙafafun duka. Ba su da gudu, amma suna hawan tudun da jirgi na yau da kullum zai zame a kai. Daga nan sai tsohuwar masana'antar, sai Hinoki Village, gidajen ma'aikatan gandun daji na zamanin Japan guda ashirin da wani abu da aka gyara. Yanzu shaguna sun yi yawa a ciki, amma ka shiga ɗaki ɗaya ka ja numfashi, ƙamshin katakon yana nan bayan shekara kusan ɗari.

Batun abinci kuwa, a nan ya kamata ka tsara shi. Abincin da Chiayi ta yi suna da shi shinkafa ce da naman talotalo, amma sau da yawa da kitsen alade ake yi mata miya, ga kuma batun yanka. Mafita biyu ce. Akwai ma'aikata 'yan Indonesiya da yawa a Taiwan, mafi yawansu Musulmi, kuma shagunansu sukan taru kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Akwai kuma gidajen abincin mabiya addinin Buddha da ba sa taɓa nama sam, za ka gane su da alamar 素 a ƙofa. Ka ajiye hoton alamar a wayarka. Sanannun masallatai mafi kusa suna Tainan da Taichung, don haka ka riƙe daddumarka. Alƙibla tana yamma, ka ɗan karkata arewa.

Hawan dutse

Tikitin jirgin Alishan shi ne abin da ya fi wuyar samu a tafiyar duka. Taragan ƙanana ne, faɗin layin milimita 762 kacal, kuma masu hawa har ƙarshe ba su da yawa a rana. Ana buɗe sayarwa ta intanet tun kafin ranar tafiya, kuma yakan ƙare nan da nan, musamman na Asabar da Lahadi. Ka sa ranar hawanka tsakiyar mako. In ka rasa, akwai bas daga tashar gari da kuma daga Taibao, tafiyar awa biyu da rabi a titi mai lamba 18 mai yawan kwana. Mai jin amai a mota ya sha magani tun a ƙasa.

Amma in ka samu jirgin, ka hau shi. Kimanin kilomita 71 ne daga Chiayi mai tsayin mita 30 zuwa tashar Alishan mai mita 2,216, kuma yana cin kusan awa biyar. Da farko gonakin ayaba da dogayen itatuwa masu kama da kwakwa, sai gora ta rufe ko'ina, sai iska ta sauya, ka fara ganin itatuwan ƙasar sanyi. A Dulishan jirgin yana zagaye dutse ɗaya sau uku yana hawa, har ka ga tasha ɗaya a ƙarƙashinka sau da sau tana ƙanƙancewa. Can sama inda babu filin yin kwana, sai ya tafi gaba ya tsaya, ya dawo da baya a wani layin, ya sake yin gaba. Guguwar Morakot ta watan Agustan 2009 ta zubar da ruwa kusan milimita 3,000 a Alishan cikin 'yan kwanaki, kusan ruwan damina uku a Kano, ƙasa ta zaftare ta tafi da layin. Sai a Yulin 2024 aka sake haɗa shi daga farko har ƙarshe.

Shawarata ita ce kada ka zarce har ƙarshe a rana ɗaya. Ka sauka a Fenqihu, tsakiyar hanya, mita 1,400 da 'yan kai. A nan jiragen tururi na da can suke shan ruwa da gawayi, ma'aikata su ci abinci, shi ya sa garin ya shahara da shinkafar kwano ta matafiya. Yawancinta da naman alade, sai ka nemi ta ganye. Daga Fenqihu kilomita biyar ne zuwa Shizhuo, kuma yawancin masu masauki a can suna zuwa ɗaukar baƙo in ka sanar da su.

Kwana biyu a cikin shayi

Nan ne zuciyar tafiyar, a nawa ganin. A Taiwan ba a kiran shayi na kan dutse sai an noma shi sama da mita 1,000, kuma ƙauyukan Shizhuo da Xiding da Ruili da Taihe duk sun wuce haka. Noman bai daɗe ba sosai. Ya bazu ne bayan an buɗe titin Alishan a 1982. Sirrinsa hazo ne. Da safe rana ta ɗan haska, bayan azahar gajimare ya taso daga kwari ya lulluɓe gonakin, dare ya yi sanyi. Ganyen yana girma a hankali, ya yi kauri da taushi, ɗacinsa ya ragu. Iri biyu za ka fi ji: Qingxin, mai ƙamshin fure, shi ne mai tsada, da Jinxuan wanda cibiyar binciken shayi ta ƙasar ta fitar a 1981, mai ɗan ƙamshin madara.

Ka kama masauki a gidan manomi, akwai su da yawa, gona a gaba masana'anta a ƙasan bene. In ka dace da lokacin tsinka, wato Afrilu zuwa Mayu ko Oktoba zuwa Nuwamba, ka roƙi a bar ka ka kalli aikin, ka kuma shirya rashin barci. Da safe bayan raɓa ta bushe mata ke shiga layukan da malafa da kwando, wasu da reza ɗaure a yatsa, suna cire toho da ganye biyu ko uku. Ana shanya shi a rana na ɗan lokaci, a kwashe a kai ɗaki mai sanyi a baza a faya-fayan gora. Daga nan sai jira da juyawa, duk bayan awa ɗaya ko biyu, har tsakar dare. Na zauna a irin wannan ɗaki wajen ƙarfe biyu na dare, na ga maigidan, dattijo ne, yana ɗibar ganye da hannu biyu ya kai hanci ya mayar, bai ce wa kowa komai ba. Da fari ɗakin warin ɗanyar ciyawa yake, a hankali ya koma ƙamshin fure, har ni baƙo na ji sauyin. Da ya ɗaga kai ya yi magana ɗaya, sai yaran suka tashi da gudu suka kunna gangar wuta. Zafinta ne ke tsayar da ganyen a daidai wannan ƙamshi. In an makara ko an yi gaggawa, aikin yini ya tafi. Washegari ake ɗaure shi cikin ƙyalle kamar ƙunshin goro, inji ya matse ya murza, a kwance a sake ɗaurewa, sau da yawa ƙwarai, har kowane toho ya dunƙule kamar ƙwayar wake. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye ke ba da kilo ɗaya.

Mu da muka saba da shayin buta, a tafasa shi a kan gawayi da sukari har ya yi kumfa, sai mun danne hannunmu a nan. Wannan ba a tafasa shi, ba a sa masa sukari ko madara. Ana rufe gindin ƙaramar buta da ƙwayoyin, a zuba ruwan da ya gama tafasa, a jira kamar minti ɗaya, a tsiyaye duka. Ganye ɗaya yana ba da zagaye biyar ko shida. Za a ba ka kofi biyu, dogo da gajere. Dogon na sunsunawa ne bayan an juye shayin a gajeren. Abin da ake nema shi ne zaƙin da ke dawowa a maƙogwaro bayan an haɗiye.

Wajen saye, ka ɗanɗana kafin ka biya, wannan al'ada ce, ba wanda zai ji haushi. Ma'auninsu jin ne, giram 600, kuma akan raba shi ƙunshi huɗu na giram 150 da aka zuƙe wa iska. Ka tambayi na wane lokaci ne, na bazara ko na hunturu, da sunan ƙauyen. Bayan an sha, ka zaro ganye ɗaya daga butar ka buɗe: na hannu zai fito cikakke da karansa, mai kauri, ba gutsattsari ba. Jinxuan da ƙamshin madararsa ya bugi hanci tun daga leda, turare aka sa masa. Sanannen abu ne kuma ana shigo da shayi daga waje a sayar da sunan Alishan, don haka mai arha sosai a shagon bakin titi abin shakka ne. Saye a hannun wanda ka kwana a gidansa ya fi.

Da yamma ka hau matakalan Eryanping a Xiding, ko hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonakin Shizhuo. In ka yi sa'a za ka ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarka, kawunan duwatsu sun leƙo kamar tsibirai. Ƙasar nan ta ƙabilar Tsou ce tun kafin zuwan kowa. Mai ƙarin kwana ya gangara ƙauyen Shanmei ya ga kwarin Danayigu, inda mutanen ƙauyen da kansu suka hana kamun kifi har kogin ya farfaɗo.

Dajin da ya rage

Daga Shizhuo bas zai kai ka ƙofar gandun Alishan cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai kuɗin shiga, kuma ana rage wa wanda ya nuna tikitin bas. Kwana ɗaya ya isa. Lokacin tashin jirgin asuba zuwa Zhushan, tasha mafi tsayi a Taiwan a mita 2,451, ana liƙa shi ne tun yammacin jiya, don yana bin fitowar rana. Ka yi alwala a ɗaki, ka sallaci asuba kafin ka fito ko a gefe can sama. Ranar tana ɓullowa ne daga bayan jerin duwatsun Yushan mai mita 3,952, in hazo ya bari.

Abin da na fi so ka ba wa lokaci shi ne dawowa da ƙafa. Dogayen itatuwan da za ka ga sun jeru sambal masu kauri ɗaya, dashe ne na bayan sara, yawanci irin Japan. Na asali su ne ƙattin kututturan da gansakuka ya rufe a tsakaninsu, wasu mutum biyar ba za su zagaye su da hannu ba. Tsofaffin da ke raye, guda talatin da wani abu a kan hanyar katako ta manyan itatuwa, galibi sun tsira ne don cikinsu rami ne ko sun karkace, masu sara suka ga ba riba. Akwai ƙaramar hasumiya da Japanawa suka gina a 1935 don neman afuwar ruhin itatuwan da suka sare. Shahararren itacen da tashar Shenmu ta ci sunansa, ruwa ya tsaga shi a 1997, aka kwantar da ragowar a 1998, yana nan kwance gefen layi. Taiwan ta haramta saran dajin asali gaba ɗaya a 1991.

Bakin teku

Ka sauko Chiayi ka kwana, da safe ka nufi yamma. Bas zuwa Budai ko Dongshi awa ɗaya ce, amma ba ta yawan zuwa, kuma wuraren a warwatse suke. Ɗaukar shatar tasi ta yini ta fi, musamman in kun kai ku uku.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kududdufan kiwon kifi hagu da dama, injin fanka yana ta dukan ruwa. A cikinsu akwai wanda ka sani sarai: karfasa. Asalinta ta Afirka ce, mutum biyu, Wu da Guo, suka shigo da ita daga Singafo a 1946, har yau da sunayensu biyu ake kiranta.

A Dongshi kawa ce komai. Bawonta tuli-tuli a bakin hanya, mata zaune a ƙofar gida da safar hannu da guntuwar wuƙa suna ɓarewa, wasu suna huda tsohon bawo suna jerawa a igiya. Igiyoyin ake ratayawa a kan gadon gora cikin ruwa, ƙananan kawa su manne su girma. Abin da ke kare wannan ruwa daga igiyar teku wani dogon tudun yashi ne mai suna Waisanding, ana zuwa da kwalekwale in yanayi ya yi kyau, kuma shekara da shekara yana zaizayewa. Ƙasar ma nitsewa take, saboda yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa don kududdufai. A Baishuihu akwai titin da teku ke rufewa in ya cika ya buɗe in ya janye, don haka ka duba jadawalin cikar teku kafin ka taka. Aogu kuwa fili ne da kamfanin sukari na gwamnati ya ƙwato daga teku, ya nitse, ruwan gishiri ya dawo, ya zama matattarar tsuntsaye. Daga Nuwamba zuwa Maris za ka ga farin tsuntsun nan mai baƙar fuska da baki kamar ludayi.

A Budai ka ga gonar gishirin Zhounan, wadda aka fara tun 1824, aka daina, mutanen gari suka farfaɗo da ita. Wanda ya san ramukan gishirin Bilma zai gane aikin nan take, sai dai nan ruwan teku ake shanyawa. Ƙaton takalmin gilashi mai tsayin mita 17 da ke kusa, an gina shi ne don tunawa da waɗanda cutar baƙar ƙafa ta sa aka yanke wa ƙafafu a shekarun 1950 da 1960, sakamakon guba a ruwan rijiyoyi masu zurfi.

Ka iso kasuwar kifi bayan azahar, lokacin da jirage ke shigowa ana gwanjo. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne, don haka nan ne za ka ci ka ƙoshi. Ka sayi kifi ko jatan lande ko kawa da kanka, ka kai wa masu dafawa da ke gefen kasuwar, ka biya ladan girki. Abu biyu za ka hana: giyar shinkafa da suke yayyafa wa kifi, da kitsen alade. Ka sa mai masaukinka ya rubuta maka wannan da rubutunsu a takarda, ka miƙa wa mai girki. Soyayyen ƙosan kawa da ake sayarwa a bakin kasuwa sau da yawa da niƙaƙƙen naman alade a ciki, ka bar shi. Gasasshiyar kawa a bawonta ta fi sauƙi: a ɗora a kan wuta har ta buɗe baki da kanta, wadda ta ƙi buɗewa a jefar. Ka tambayi lokacin bas ɗin ƙarshe zuwa Chiayi tun kafin ka zauna, don ba ya kaiwa dare sosai.